Ƙullin da ke Ƙugun Kaneza

Jama'a, kafin wani ya ɗauki waya ya fara rubuto min wa'azi, bari in faɗa da bakina: ni ma ban fita tsaf ba a maganar nan. Akwai abin da na gani tun wata huɗu da suka wuce na kau da kai, kuma shi ne ya zo ya tsaya min a gaban baƙi ranar Lahadi. Ku dai gyara zama ku ji.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Jalia Nabbosa. Ungozoma ce ni a wani asibiti a Kawempe, nan Kampala, shekarata talatin da ɗaya, ban taɓa aure ba. Rashin auren nan shi ne babban ciwon kan Gwaggo Nakatudde, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara takwas da mahaifiyata ta rasu. Ciwon kanta na biyu kuwa Kaneza ce.

Kaneza shekararta tara. A Rumonge na same ta, can Burundi, lokacin da na yi aikin shekara biyu a wani ƙaramin asibiti a bakin tafki. Daga gidan marayu aka kawo ta da zazzaɓi, ta kama gefen mayafina, kwana uku ta ƙi saki. Matar da ke riƙe da gidan, Madam Godeliva, ta nuna min takarda mai hatimi: uba ya daɗe da mutuwa, uwa ruwan tafki ya ci ta a shekarar ambaliya, babu dangin da ya zo nema. Ni da na san ɗacin maraici ban tsaya shawara da kowa ba. Wata goma sha huɗu na yi ina zarya tsakanin kotun can da kotun nan, takalmina biyu suka mutu a hanya, sannan alƙali ya sa hannu ya ce 'yata ce. Na zaci wahala ta ƙare, ashe ko bismilla ba a yi ba.

Jariri in kika ɗauko shi, ke ce farkon fuskar da ya sani. Yarinyar da ta yi wayo kuwa da duniyarta take zuwa, kuma ba ta buɗe miki ƙofa don kin ƙwanƙwasa. Wata goma sha ɗaya ke nan muna ɗaki ɗaya, ni nake mata kitso, ni nake kai ta makaranta a bayan acaɓa, amma Kaneza ba ta taɓa ce min Mama ba. Malama take ce min. Na lallaba, na yi fushi, na sayo 'yar tsana mai gashi, duk a banza. Na ce wa kaina sabon gidan marayu ne, can kowace babba malama ce.

Jakar leda mai zanen ja da shuɗi da ta zo da ita, har yau tana bayan ƙofa a zuge. Na saya mata durowa mai madubi, ta bar ta wayam. Takalmin da na saya mata na Sallah sau ɗaya ta sa, ta goge shi da gefen riga ta mayar jaka. Daga nan abubuwa suka fara ɓata a gida: sabulun wanka guda biyu, ƙaramin cokali, sukari, sai mayafina ruwan toka mai duwatsu a baki wanda nake ji da shi. Ranar da ta tafi makaranta na zuge jakar, ga su nan duka, an ninke su an jera, sukarin a ƙulle cikin leda. Da ta dawo na tambaye ta da Suwahili, don shi ne harshen da ya haɗa mu, ta kafa wa bango ido kamar ba da ita nake ba. Kun san yadda mutanenmu suke da Suwahili, in suka ji shi sojoji da ɓarayi suke tunowa. Maƙwabciyata Maman Swabra ta tsaya a bakin famfo tana ce wa mata kowa ya dinga shigar da shanyarsa da wuri, zamani ya canja. Wallahi na ji zafi, amma abin da ya fi min zafi shi ne ni ma na fara kulle akwatina.

Sai batun gaisuwa. Mace a wajenmu durƙusawa take yi ta gaida babba, ko a tsakiyar titi ne. Kaneza a tsaye take miƙa hannun dama tana tallafe da shi da na hagu, yadda ake yi a garinsu. Gwaggo ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa gaisawa da 'yar shekara tara kamar ɗan majalisa ba.

Sai kuma ƙullin. Wani baƙin tsumma ne, bai kai girman ƙwai ba, ɗaure a ƙugunta da zare a ƙarƙashin riga. In za ta yi wanka sai ta sa sakata, ta cire shi ta ɗora a bakin taga. Sau ɗaya na kai hannu zan taɓa ina gwada mata siket, yarinyar nan ta gartsa min cizo a bayan hannu har jini ya fito. Bayan nan ta zauna tana kuka tana hura min wurin. Ban faɗa wa kowa ba sai mutum ɗaya, ku riƙe wannan.

To, ga laifina. Wata huɗu da suka wuce na dawo daga wanka na tarar da wayata ba a inda na ajiye ta ba. Na duba jerin kira, ga wata lamba mai harafi takwas an kira ta sau shida a jere, ba ta shiga ba. Bayan kwana biyu na sake ganin ta, bayan sati na sake. Ni da na yi shekara biyu a Burundi, kada in yi muku ƙarya, kallo ɗaya na yi na san lambar can ce, kuma na san abin da ya hana ta shiga: ba a sa mata lambar ƙasa a gaba ba. Zuciyata ta ce, marainiyar da ba ta da kowa, wa take kira? Ban tambaye ta ba. Na goge lambar, na sa wa wayata makulli, na ce wasan yara ne.

Yanzu bari mu zo kan Twaibu Matovu, mai shagon kayan gini a Bwaise. Ƙanwarsa ya kawo haihuwa asibitinmu, ya dawo washegari wai ya manta lema, alhali rana ake ƙwallawa. Dogo ne, baƙi, ba ya son yawan magana, in abu ya dame shi sai ya dinga kaɗa makullan motarsa a yatsa. Ina sonsa, ban ga amfanin ɓoyewa ba. Yana kawo wa Kaneza rake da biskit, ita kuma ta karɓa da hannu biyu ta kai jaka. Amma sau biyu yana jefo min maganar wata makarantar kwana a Masaka, wai suna da tarbiyya, wai yara suna saurin koyon Luganda, yarenmu na nan, a can. Duk lokacin da ya faɗa sai in dubi bakinsa ina tambayar kaina, muryarsa ce ko ta 'yan gidansu?

Namiji ba ya isa gaban mahaifin yarinya sai ya fara zuwa gidan gwaggonta ya ci abincinta. Ita ce za ta ɗauki wasiƙarsa ta kai wa uba, in ta ƙi ɗauka magana ta mutu. An sa Lahadi, a gidan Gwaggo da ke Kyengera. Ranar Juma'a da hantsi ina bakin aiki saƙonsa ya shigo:

"Ranar Lahadi ki taho da takardun kotu."

Na rubuta: "Na me?"

"Yaya Mastula ce take son gani. Kada ki ɗauke shi da zafi."

"Kai fa? Kai ma kana son gani?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Minti bakwai ina riƙe da waya, wata mai naƙuda tana ƙwala min kira. Abin da ya zo a ƙarshe shi ne: "Allah ya kai mu Lahadi."

Asabar da safe muka tafi Kyengera ni da Kaneza don aikin girki. Gwaggo ta tura ta wanka, ita kuma ta zagaya bayan gida wai za ta yanko ganyen ayaba. Ta daɗe. Da ta dawo ta zauna a kan tabarma kusa da ni, ta ɗauki wuƙa ta hau fere matoke, ayabar nan tamu ta dafuwa, har ta fere goma. Ni na san Gwaggo, shirunta ya fi faɗanta haɗari.

Can ta fara, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce in tuna mata, wace shekara ce na tafi makarantar ungozoma a Mbale na ƙi zuwa gida Sallah ƙarama da babba. Na faɗa mata. Ta ajiye wuƙa ta ƙirga da yatsu, ta tsaya a kan goma, ta rage ɗaya. Ta ce a shekarar na dawo na yi ƙiba, kumatu har sun rufe min ido. Na ce Gwaggo, waken makaranta ne. Ta ce to wushiryar da ke bakin yarinyar nan irin tawa sak, ita ma waken makaranta ne?

Dariya ta so ƙwace min, sai na ga idonta ya cika da hawaye.

"Na leƙa ta taga, Nabbosa. Na ga ta kwance ƙullin nan. Busasshen abu ne a murɗe, baƙi. Ni na san cibiya in na gan ta."

"Gwaggo, wace cibiya kuma?"

"Kada ki mayar da ni yarinya. Uwa ce take naɗe cibiyar ɗanta a tsumma ta ɗaura a ƙugu, har ranar da dangin uba za su karɓe shi su ba shi suna. Taki ni na riƙe ta bayan uwarki ta rasu. Ke kin san a jikinki za a gani, shi ya sa kika ɗaura wa yarinyar. Faɗa min gaskiya yau, ni zan san yadda zan rufa miki asiri gobe. Ɗan wane dangi ne uban?"

Na rantse mata da Allah, na rantse da kabarin mahaifiyata. Ta ce to a kira yarinyar ta kwance a gabanta. Na ce a'a. Ku tambaye ni dalili. Na ce mata don kada a tsorata yarinya ne, amma gaskiyar ita ce ni ce nake tsoro. Na fi kowa sanin ba cibiya ba ce, kuma ban shirya sanin ko mece ce ba. Gwaggo ta dube ni ta girgiza kai ta ci gaba da fere ayabarta.

Lahadi tun bayan asuba muke kan murhu. Matoke a cikin ganye, kaza da miyar gyaɗa kowace a naɗe a nata ganyen, shinkafa, doya, kabewa, ruwan abarba a tulu. Gwaggo ta naɗe ni da zane uku a ciki don in cika ido, ta ɗora min gomesi, rigarmu ta biki, ruwan zuma mai tsinin kafaɗa, ta ja ɗamarar ta ɗaure har numfashina ya koma rabi. Kaneza na sa mata doguwar riga fara da ƙaramin hijabi, na roƙe ta da Allah yau dai ta durƙusa. Ta ce to, Malama.

Ƙarfe ɗaya da rabi suka iso, su uku: Twaibu cikin farar kanzu, doguwar rigar maza, da baƙar kwat, kawunsa wani dattijo mai sanda, sai yayarsa Hajiya Mastula. Hajiya mace ce mai jiki, zobe a yatsu huɗu, tabarau a kan hanci, irin matan da ke shiga ɗaki su fara duba kusurwar silin ko akwai yana. An shigo da buhun sukari, nama, sabulu da burodi. Na shigo a kan gwiwoyina na gaida su ɗaya bayan ɗaya, kaina a ƙasa. Twaibu ko ɗago ido bai yi ba, makullai na yawo a yatsarsa.

An ci abinci lafiya, kawu har ya nemi ƙarin kaza. Ana ɗauke kwanuka Hajiya ta goge baki ta ce ina 'yar baƙuwar, a kawo ta su gaisa. Kaneza ta shigo. Na ga ta fara lanƙwasa gwiwa, sai ta ga idanu huɗu na Hajiya a kanta, ta daskare, ta miƙe, ta miƙa hannu a tsaye. Hajiya ta dubi hannun ta bar shi a iska.

Ta juyo wajen Gwaggo da murmushi ta ce su fa ba su zo da sharri ba. Amma duk wanda zai shiga gidansu sai an san danginsa. Jalia 'yar dangin da ake kira Tunkiya ce, kowa ya sani, to wannan fa 'yar wane dangi ce? Gobe in ta girma wa za a ce kada ta aura, kada a je ta auri ɗan'uwanta ba a sani ba? Na miƙa takardun kotu da hannu biyu. Ta juya su gaba da baya, ta ce hatimi ai ko ita in ta shiga bayan kasuwa za a buga mata guda uku kafin la'asar.

"An ce akwai abin da take ɗaurawa a ƙugu," in ji ta. "An ce har cizo take yi a kansa. A kwance mu gani, zuciyar kowa ta kwanta."

Jama'a, na ce muku ku riƙe wani abu. Maganar cizon nan mutum ɗaya na faɗa wa a duniya, a cikin motarsa, ina kuka, ya kama hannuna yana duba tabon. Na ɗago na dube shi, abin da ba a yi a irin wannan zama. Makullan suka tsaya cak a yatsarsa, ya sunkuyar da kai. Wato duk raken nan da biskit, ido ne aka aiko ya gano musu? Ko kuwa suɓutar baki ya yi a gaban yayarsa? Har yanzu da nake rubuta muku ban sani ba.

Gwaggo ta yi ƙoƙari, ta ce a gidanta ba a tuɓe yaro a gaban baƙi. Hajiya ta ce to shi ke nan, a mayar musu da wasiƙarsu, sai wani jiƙon. Gwaggo ta dube ni. Matar nan shekara goma tana jiran ranar da za ta ɗauki wasiƙar aurena ta kai wa ƙaninta.

Na ja gwiwa na je gaban Kaneza. Na ce mata da Suwahili ba wanda zai ƙwace, nunawa kawai za ta yi ta mayar. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take wa bango. Sannan ta juya baya, ta sa hannu ƙarƙashin riga ta kwance, ta zauna a kan tabarma ta warware tsumman a hankali.

Zaren koma ne, irin na masuntan tafki, ya yi baƙi don dauɗa, an ƙulla shi ƙulli-ƙulli. Sai wata 'yar takarda a ninke cikin ledar sukari. Hajiya ta ɗaga zaren da yatsa biyu ta kai kusa da tabarau. Gwaggo ta sauke wata ajiyar zuciya da sai da kawu ya waiwayo, ta ce alhamdulillahi, ba cibiya ba ce, kowa ya gani da idonsa. Kawu ya yi dariya ya ce aikin banza, an tayar wa yarinya hankali a kan zare. Da a nan aka tsaya, da yanzu anko nake tura muku.

Amma Hajiya ta ƙirga. Ta ce goma sha ɗaya, ƙullin mene ne wannan, ko asiri ne? Ta ce in tambaye ta da Suwahilin namu. Ban kai ga buɗe baki ba Kaneza ta amsa da kanta, da Luganda tsantsa, yarinyar da malamanta ke cewa ba ta iya haɗa jimla ba.

"Wata ne. Duk wanda ya tsaya sai in ƙulla. Saura ɗaya."

"Saura ɗaya a yi me?" in ji Gwaggo.

"In koma wajen Mama. Madam ta ce shekara ɗaya zan yi karatu a wajen Malama in dawo. Ta ce in na faɗa wa wani Mama tana da rai, za a kai Mama gidan yari." Ta juyo gare ni. "Ke kika ce in nuna. Ba za a kai ta ba, ko?"

Ni dai na ji ɗamarar gomesin nan tana yanka ni gida biyu. Sabulu, cokali, sukari, mayafina mai duwatsu, raken Twaibu da ya bushe a jaka, takalmin da aka sa sau ɗaya. Wata goma sha ɗaya ina kulle akwati a kan yarinyar da ke haɗa wa uwarta tsaraba.

Hajiya ce ta warware takardar. Lamba ce mai harafi takwas da jan biro. Ba sai na karanta ba, ai ni na goge ta daga wayata sau uku. Fuskar Hajiya ta washe kamar an mata albishir. Ta ce to ai abu ya zo da sauƙi, Jalia ta wanku, yarinya kuma tana da uwa, a kira yanzu a mayar wa mai ɗa ɗansa kowa ya huta. Ta turo min takardar da gindin kofi.

A nan Twaibu ya yi magana, karo na farko tun shigowarsa. Ya sauko daga kujera, abin da ango ba ya yi a gidan gwaggo, ya tsuguna kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Ninke takardar nan, Jalia. Kotu biyu suka ba ki ita. Ba wanda zai fita da maganar nan daga ɗakin nan, ni zan ji da Yaya. Maganar Masaka ma na janye, a gidanmu za ta zauna. In kika kira, kin san ba za ki iya mayar da kiran ba."

Allah ya gani, na so. Hannuna har ya fara ninkewa. Ga miji, ga 'ya, ga Gwaggo da wasiƙarta, duk a cikin ninki ɗaya. Na ce a raina, wace irin uwa ce za ta ba da 'yarta? Na ce wataƙila lambar ta daɗe da mutuwa. Na ce ni na yi jinyarta, ni na san ba ta cin kabewa, ni na san tana tsoron tsawa. Ina son yarinyar nan fiye da yadda na taɓa son wani mahaluki, har da wanda ke tsugune a gefena.

Sai Kaneza ta taɓa min gwiwa ta ce kada in wahalar da kaina, ta gwada sau da yawa, wayata ba ta kaiwa garinsu. Ta faɗe shi ne kamar mai ba ni haƙuri.

Ni ma a shekarunta na rasa uwa. Da a ce a lokacin wani ya san harafi uku da za su kai ni ga muryarta ya ɓoye min, da har abada ban yafe masa ba. Na zaro wayata daga cikin ɗamara, na cire makulli, na danna alamar ƙari da biyu, biyar, bakwai, sannan na bi lambar. Twaibu ya miƙe ya koma kujerarsa.

Ta shiga. Sau huɗu ta yi ƙara, wani namiji ya ɗauka, ana jin hayaniyar kasuwar kifi a bayansa. Da ɗan Kirundin da na iya, yaren garinsu, na ce ina neman mahaifiyar Kaneza. Ya ce in riƙe, ya hau ƙwala kiran wani suna, na ji takun gudu, na ji haki, sai muryar mace ta ce, "Kaneza?"

Yarinyar ta fizge wayar. Ban taɓa jin ta yi magana da sauri haka ba, kuka da dariya a haɗe. Kaɗan nake tsinta: na iya karatu, na sama miki mayafi, akwai sabulu biyu, saura wata ɗaya. Gwaggo ta rufe fuska da gefen gyalenta. Hajiya ta cire tabarau tana gogewa, ta kasa mayarwa. Kuma duk tsawon maganar nan, hannun Kaneza na hagu yana riƙe da gefen mayafina, kamar ranar farko a asibiti. Ban san ko ta san tana riƙe ba.

Can ta miƙo min wayar ta ce Mama tana son ta yi min godiya.

Matar ta juya zuwa Suwahili don in ji. Ta ce ruwa ya cinye musu gida, ba ta da abin ba yarinya, Madam ta ce akwai wata baiwar Allah da za ta koyar da ita shekara guda, ta dangwala yatsa a takarda. Ta ce da ta koma tambaya an ce mata kada ta dame su, lokaci bai yi ba. Ta ce yanzu ta samu ɗaki, ta ɗinka katifa, akwai kazar da take kiwo ba za a yanka ba sai ranar da muka zo. Ta ce ita ma tana da zarenta, ƙulli goma sha ɗaya. Ta yi ta sa min albarka. Sannan ta tuna ba ta ma tambayi da wa take magana ba.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa. Ke ce malamar, ko?"

Takardun kotu na kan cinyata, sunana a inda aka rubuta uwa, hatimi biyu a ƙasa. Twaibu na kallona, Gwaggo na kallona, Kaneza ta ɗago fuska tana jira, har yanzu ba ta saki mayafin ba.

Na ce, "Eh. Ni ce malamar."